Igiyar Akuya da Bizar Ingila

Masu karatu, sannunku da haƙuri. Wata ta rubuto a ƙasan labarin nan wai, "Anti Celina, ke ma kin yi ganganci." Na gani, 'yar uwa. Ban ce ban yi ba, amma ki bari ki ji sauran kafin ki yanke mini hukunci. A shekarar 1987 babu wayar hannu, babu wadda zan tura wa saƙo ta ba ni shawara. Daga ni sai zuciyata, ita kuwa a lokacin ba ta da birki.

Ga wanda yanzu ya shigo, sunana Celina Shekari, 'yar Kakuri a kudancin Kaduna. Ina aiki a sashen zanen atamfa na wata masaƙa, sai masaƙar ta tura ni kwas Manchester. Can na haɗu da Albert, ɗan Filato, ma'aikacin asibiti da ya daɗe a ƙasar har ya samu takardar zama. Ana gab da ƙarewar izinin zamana muka je rajista muka ɗaura aure, da shaidu biyu, ana sanyi kamar zai cire kunne. Na ɗauka da an ɗaura shi ke nan na zauna. Sai aka ce a'a, in koma gida in nemi bizar matar aure daga can. Haka na dawo Kakuri da akwatunana da zobena, kuma babu wanda ya san da zoben a gidanmu. Yana naɗe a leda, a can ƙasan kwalbar man gashina.

Za ku ce me ya hana ni faɗa. Ba ku san Baba ba ne. Dattijo ne a ikilisiyarmu, shi ne kuma babba a cikin masu gyaran injin saƙa a masaƙarsu. Mutum ne da ko hularsa ba ya so ta karkace. Ranar da zan tafi Ingila, a bakin mota ya riƙe hannuna ya ce, "Da sunana kika tafi, da shi za ki dawo." Kullum sai in ce gobe zan gaya masa, goben ta zo in ga fuskarsa in haɗiye maganata. Na rame, ba na iya zama wuri ɗaya. In na share ɗaki sai in sake sharewa, har Mama ta fara tambayata ko iskar Turai ce ta taɓa ni.

Ranar da ofishin jakadancin Ingila ya sa mini ta ganawa, na ce wa Mama masaƙa ce ta aike ni cikin gari. Na sa siket da riga ruwan toka, mai soso a kafaɗa, na shafe gashina mai jerikol har mai na gangarowa wuya, na ɗora takalmi mai tsini wanda ba a yi shi don hanyar Kakuri ba. Sai da bas ta hau gadar kogi na zaro zoben na zura a yatsa. Matar da ke kusa da ni ta kalli hannuna, ta kalli fuskata, na kau da kai na ƙura wa ruwa ido.

Na daɗe a layi tare da ɗalibai da 'yan kasuwa kafin a kira ni. Baturiyar da na samu dattijuwa ce mai gilashi, ba ta da faɗa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta tambaye ni launin ƙofar gidan Albert, na faɗa. Ta tambayi abin da yake karyawa da shi, na ce shayi da burodi, in ya samu doya kuwa ranar ba a jin kansa. Har ta yi murmushi. Na fara jin iska na shiga ƙirjina. Sai ta ɗauko hoton aurenmu ta ɗaga shi.

"Wannan ne kaɗai hoton bikin?"

"Shi ne."

"Su wane ne waɗannan biyun?"

"Abokin aikinsa ne, da matar da nake haya a gidanta."

Ta cire gilashin ta ajiye. Ta ce, "Na daɗe a ƙasar nan, an gayyace ni bukukuwa da yawa. Ban taɓa ganin auren 'yan Najeriya da mutum huɗu ba. Iyayenki sun san da shi?"

Da na iya ƙaryar gaggawa da na wuce wurin. To ni 'yar Shekari ce, ƙarya sai na shirya mata tun daga gida. Kafin in haɗa wata magana ta riga ta gane.

Ta ce ba ta hana ni ba, amma aikinta ne ta tabbatar aure ne na gaskiya, ba na neman takarda ba. In dawo ranar Alhamis ta sama da abin da zai nuna dangin biyu sun san juna, ko hotuna, ko wani abu daga hannun mahaifina. In ban kawo ba, za ta yanke hukunci da abin da ke gabanta. Na san ma'anar wannan. Na ga mata a layin nan da aka buga wa hatimin ƙi a fasfo, suna ta zarya shekara da shekaru, mazan suna can suna tsufa su kaɗai.

Na tattara takarduna na fito. Ban san yadda na iso gida ba, sai ganin babur ɗin Istifanus na yi a ƙofarmu, na ce yau kuma ga ta inda za a ɓullo.

Istifanus malamin sakandare ne, shi ke koyar da waƙa a coci. Mahaifiyarsa, Mama Martha, ita ce mataimakiyar Mama a shugabancin Zumuntar Mata ta cocinmu, kuma su biyun sun gama ɗaura mana aure a zuciyarsu tun ina Ingila. Kada ku zarge shi, ba shi da laifin komai. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ke sa mutum jin haushin kansa. Na same shi a falo, zaune a bakin kujerar kushin kamar kada ya ɓata ƙyallen da Mama ta saƙa mata, ga burodi da kiret ɗin ƙwai ya ajiye kusa da kabad.

"Sista Celina, sannu da dawowa. Yau kin fito kamar masu karanta labarai a talabijin."

"Na gode, Malam."

"Malam kuma? Tun muna yara Isti kike ce mini."

Na ɗaga hannu zan gyara gashina, sai na ga zoben na walƙiya a yatsana. Na manta ban cire ba! Na cusa hannun a jaka kamar mai neman makulli, ina murza shi yana ƙin fita, don zafi ya kumbura mini yatsa. Shi kuwa yana ta ba ni labarin filin da ya gani a unguwar Romi, wai akwai mangwaro biyu a ciki. Ina cewa "Allah sarki", ina "madalla", ina fama da yatsana a cikin jaka har sai da fata ta saluɓe.

Da ya tafi, Mama ta kira ni ɗakinta ta buɗe akwati. Ta fito da sabon turmin zanen Zumunta, irin wanda matan aure kaɗai ke ɗaurawa a cocinmu, ta shafa shi.

"An kawo sababbi, na ce a cire mini biyu. Ni dai ajiyewa na yi, ban ce komai ba."

"Mama, ai kin ce."

"To in na ce laifi ne? Sa'anninki duk sun shigo Zumunta, ke kina nan kina share ɗaki sau uku a rana."

Na kalli zanen nan, na ji kamar in fasa ihu in ce ai na isa ɗaura shi tun bara. Na ce kaina ke ciwo, na fice.

Washegari da Mama ta tafi kasuwa na ɗauko kasat ɗin da Albert ya aiko mini ta hannun wani ɗalibi. Da hannuna na rubuta "Waƙoƙin Ista" a jikinsa don kada a taɓa. Na rage muryar rediyon, na manna kunnena.

"Celi, ni ne. Na sayi labulen nan ruwan ganye da kika nuna mini, amma ban rataya ba, sai kin zo. Na gwada miyar kuka jiya, ta kama, har maƙwabcina ya buga ƙofa ya tambaya ko gobara ce. Ki gaishe da Baba da Mama, ko da yake ba su san ni ba. Celi, gidan nan ya yi mini girma."

Ɗaki ɗaya ne fa gidan. Na yi kuka har na gode Allah, sannan na wanke fuska na zauna na ƙulla dabara.

Na tafi gidan waya na sa a nemo mini Manchester. Na zauna a benci, na tashi, na koma na zauna, har mai kula da wurin ta ce, "Sista, zaryarki ba za ta kawo Ingila kusa ba." Da aka kira ni na shiga akwatin wayar, layin na ta shuu kamar ana ruwan sama, muryar Albert na isowa a makare.

"Albert, ka saurare ni, kar ka katse ni. Ƙanin babanka da ke Romi, Baba Sylvanus, ka sa shi ya zo gidanmu ranar Asabar a matsayin mai neman aure. Gaisuwar farko, da goro da gishiri da lemo. Ni zan kawo mai hoto. A ɗauke mu da su Baba, in kai wa Baturiya ranar Alhamis. Kada ya ambaci rajista ko da wasa."

"To daga baya fa?"

"Daga baya ta Allah ce. In na iso sai mu san yadda za mu faɗa."

"Celi, Baba Sylvanus fa..."

"Me ya yi?"

"Ba ki san shi ba ne. Shi mutum ne da..."

Layin ya yanke. Na yi ta "halo, halo" ni kaɗai, na ajiye na fito. A raina na ce tsoho ne dai, in na durƙusa masa zai ji.

Romi a lokacin kusan ƙauye ce, jar hanya da gonaki. Na samu Baba Sylvanus a inuwar gidansa yana ɓarar gyaɗa, awakinsa na yawo a tsakar gida. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dogo, siriri, kansa fari fat. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana.

"Na san ki, 'yata. Albert ya neme ni ta wayar ofishin 'yata, na je na ji shi. Ya gaya mini komai."

"Komai, Baba?"

"Komai."

Na ce to tunda haka ne aiki ya yi sauƙi. Na zayyana masa dabarata, abin da zai ce da abin da ba zai ce ba, har inda zai tsaya a hoto. Yana ji yana ɓarar gyaɗarsa, bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "Mahaifin naki ya girme ni ko na girme shi?"

"Ina jin ku sa'annin juna ne."

"An ce dattijon ikilisiya ne."

"E, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗebi gyaɗa ya zuba mini a hannu. "Je ki gida. Zan zo ranar Asabar, zan kuma zo yadda ya kamata."

Na yi ta godiya har da su "Ubangiji ya ƙara girma". A bas ina cin gyaɗar ina yaba wa kaina wayo.

Da yamma na samu Baba a baranda yana sa wa sarƙar kekensa mai. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, akwai baƙin da za su zo gaishe ka ranar Asabar."

"Baƙi irin wanne?"

"Mutanen wani ne da muka haɗu da shi a can. Sunansa Albert, ɗan Filato ne."

Ya daɗe yana juya feda da hannu, sarƙar na tafiya. Ya tambaye ni ko mai bin Yesu ne, na ce e. Ko yana shan giya, na ce a'a. Ya goge hannunsa da tsumma.

"Tunda ya turo manya, ya san hanyar gida. Ina da aikin yamma, su zo kafin in fita." Har na miƙe ya ce, "Celina. Kin kyauta. 'Ya'yan wasu sun je Turai sun watsar da iyayensu, ke kin kawo maganarki gida."

Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na shiga ɗaki na rasa inda zan sa kaina, na ɗauki tsintsiya.

Mama kuwa ta yi fushi sosai. "Da wane ido zan kalli Martha? Yaron nan ya gama zuba ƙwai a gidan nan!" Amma duk da faɗan, ita ta je ta sayo kaji. Abu ɗaya ta ƙi mini. Kowace Asabar matan Zumunta a tsakar gidanmu suke koyon waƙa, na roƙe ta a ɗaga na wannan makon, ta ce ba a ɗaga waƙar Ubangiji don baƙo, kuma gara Martha ta gani da idonta a wuce wurin.

Asabar ta zo. Tun safe na kasa cin komai. Na ɗaura atamfa shuɗiya mai zanen ganyen rogo, wadda ni na zana ta da hannuna a masaƙa, na sa sarƙar Mama. An share falo, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai Kirsimeti, ƙamshin shinkafa da kaza ya cika layi. Baba ya sa baƙar kwat ɗinsa ta ranar jibin Ubangiji a coci, kayan aikinsa kuwa na naɗe a bayan keke. Matan Zumunta sun cika tsakar gida cikin zanensu iri ɗaya, mai buga tulu na bugawa, masu kacau-kacau na kaɗawa. Istifanus ma ya zo, don shi ke koya musu sabuwar waƙa. An gaya masa zancen baƙin, ya gaishe ni dai kamar kullum, amma bai kalli idona ba. Yakubu mai hoto, wanda na ɗauko daga shagonsa na bakin titi, yana zaune a benci da kyamara a wuya, yana shan lemo yana kaɗa ƙafa.

Ni kuwa ina tsakanin taga da ƙofa. In leƙa, in dawo, in gyara ɗankwali, in sake leƙawa. Ina cikin ɗaki na ji waƙa ta mutu. Ba ƙarewa ta yi ba, a tsakiyar baiti ta tsaya, tulun ya ƙara bugu ɗaya shi kaɗai ya yi shiru. Sai na ji kukan akuya.

Na fito da sauri. Baba Sylvanus ne da wasu dattawa biyu a ƙofar gida. Babu hula a kan ko ɗayansu, takalmansu na hannu, ƙafafunsu sun yi ja da ƙurar hanya. Babu goro, babu lemo. Baba Sylvanus na riƙe da igiyar wata baƙar akuya, kuma sun tsaya daga waje, ba su tsallako dokin ƙofa ba.

Nan take na gane. Bari in gaya wa waɗanda ba su sani ba. A ƙauyenmu da ƙauyen su Albert, duk da nisan da ke tsakani, wannan al'adar ɗaya ce. Mai neman aure da hularsa yake shigowa, a ba shi kujera, a ba shi ruwa. Wanda ɗansa ya riga ya ɗauke 'yar mutane ba da izini ba, shi ne ke zuwa ba hula ba takalmi, da akuya, ya tsaya a waje. In uban yarinya ya karɓi igiyar, ya yafe ke nan, aure ya zauna. In bai karɓa ba, to babu aure a idon kowa. Duk matan da ke tsakar gidan nan sun san haka tun suna 'yan mata, ba sai an ce musu komai ba.

Baba ya fito daga falo yana gyara kwat, da fara'arsa. Na ga lokacin da fara'ar ta bar fuskarsa. Ya taka a hankali har bakin ƙofa.

"Bayin Allah, ina jin kun yi ɓatan gida."

"Ba mu yi ɓata ba, Baba Shekari," in ji Baba Sylvanus, kansa a ƙasa. "Mu ne masu laifi. Ɗanmu Albert ya ɗauki 'yarka Celina a ƙasar Turawa. Sun sa hannu a gaban hukuma, ba da saninka ba, ba da saninmu ba. An ce in zo in nemi abin da aka riga aka ɗauka. Ni kuwa furfurata ba za ta bar ni in zauna a kujerarka, in sha ruwanka, in yi maka ƙarya ba. Ga mu, abin da ka ga dama ka yi da mu."

"Yesu!" in ji Mama Martha, ta dafe ƙirji.

Istifanus ya rufe littafin waƙarsa a hankali. Ya raɓa ta gefen dattawan ya fita, ya tura babur ɗinsa da hannu har ƙarshen layi kafin ya tayar da shi.

Na tsani tsohon nan a lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Na ji kamar in shaƙe shi da igiyar. Amma ko a cikin tsanar na san babu kalma ɗaya ta ƙarya a bakinsa.

Baba ya juyo. "Celina."

Na zube a ƙasa. "Na'am, Baba."

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Kirsimeti."

"Tun kafin Kirsimeti," ya maimaita. "Kina cin abinci a gidana, kina karɓar jibin Ubangiji daga hannuna. Na ce miki kin kyauta, kika amsa." Bai ɗaga murya ba. Idonsa ya sauka kan Yakubu, wanda ya ƙame da kwalbar lemo a hannu. "Shi kuma wannan me ya kawo shi?"

Babu sauran abin ɓoyewa. Na faɗi zancen biza, da Baturiya, da Alhamis, ina yi ina sarƙewa. Ya saurare ni har na gama.

"Ashe ba ni ake nema ba," ya ce. "Hotona ake nema."

Ya koma bakin ƙofa ya miƙa hannu. Baba Sylvanus ya ba shi igiyar. Na ji matan sun sauke numfashi, wata har ta fara "Haleluya", ni ma zuciyata ta yi tsalle. Amma da yatsu biyu ya riƙe ta. Ya jawo akuyar har inda nake durƙushe, ya kamo hannuna ya sa igiyar a ciki, ya naɗe yatsuna a kanta.

"Ku shaida, ban karɓa ba, miƙawa na yi. Ita ta ba da kanta aure. Tunda ita ce uban kanta, ita za ta karɓi akuyarta."

Ya cire kwat ɗin ya rataye a ƙusar baranda, ya ɗauki kekensa ya tura. Dattawan suka matsa masa ya wuce.

Na miƙe da igiya a hannu, ban san me zan yi da ita ba. Akuyar na ta fizga tana son kaiwa ga alayyahon Mama. Matan suka fara tattara kayan kiɗansu ba mai kallon wata. Dattawan na nan tsaye a rana, ƙafa ba takalmi. Hawaye na zuba, kuma ku ji halin ɗan Adam, ko a lokacin wani sashe na zuciyata lissafin Alhamis yake yi, yana tambayata me zan ajiye a teburin matar nan.

Yakubu ya matso yana raɗa. "Anti, in tafi ne?"

"Tsaya."

Mama ce. Tun da aka fara tana zaune a kujerarta ta shugaba. Ta miƙe ta sake ɗaura zanenta ta ƙara tamke shi. Mama Martha ta riƙo hannunta.

"Saratu, ki tuna ke ce shugabarmu. Mace ba ta karɓar igiya. In dattawan ikilisiya suka ji, kin san abin da zai biyo baya."

"Na tuna, Martha. Ni na haife ta kuma."

Ta zo ta tsaya gabana. Na zaci marina za ta yi, na ma miƙa fuska. Sai ta zare igiyar daga hannuna ta naɗa a nata. Ta dubi ƙofa ta ce, "Baba Sylvanus, ku sa takalmanku ku shigo, rana ta yi muku yawa."

Baba Sylvanus ya kalli abokan tafiyarsa. Sannan ya sunkuya ya sa takalminsa, suka tsallako. Mama ta jera mu a jikin bango, ita a dama da akuyar, ni a tsakiya, dattawan a hagu. Ta dafa kafaɗata da ɗaya hannun. Ta kama bakin ɗankwalinta ta goge mini fuska da ƙarfi, kamar lokacin da take shirya ni zuwa makaranta.

"Daina kukan nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Turawa za su ce dole aka yi miki. Zancena da ke yana nan, ba yau ba. Yakubu, ɗauka."

Yakubu ya ɗaga kyamara, ya ce mu kalle shi, ya danna. Da hasken ya bar idona sai na hango bakin ƙofa. Ashe mahaifina bai tafi ba. Yana tsaye riƙe da kekensa, ya ga komai.

A iya sanina "Maman Celina" yake ce mata, ban taɓa jin ya kira sunanta ba sai ranar.

"Saratu," ya ce. "Tunda kin karɓa, ki nemi inda za ki ɗaure ta. Ba a gidana ba."